Jagorar Amfani da Manhajojin Burauza Wajen Samun Maƙalun Mujallun Ilimi

Yawancin sakamakon binciken ilimi ana fara buga shi ne a mujallun da masana ke tantancewa, kuma kaso mai yawa na waɗannan mujallu yana hannun manyan kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier da Springer Nature da Wiley da Taylor & Francis da Sage. Duk wanda ya buɗe shafin maƙala a wajensu zai ga take da sunayen marubuta da tsakure kyauta, amma cikakken rubutun sai an biya, sau da yawa dala 30 zuwa 50 a kan maƙala guda. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu yana iya buƙatar maƙalu hamsin ko ɗari, don haka saye da kuɗin aljihu ba abu ne mai yiwuwa ba.

Sai dai da yawa daga cikin maƙalun da ake gani a kulle suna da ƙofar halal da ɗalibi zai bi. Wata maƙalar laburaren jami'arsa ya riga ya biya kuɗinta na shekara. Wata kuma marubucinta ya ajiye kwafi a rumbun da kowa zai iya shiga. Matsalar ita ce shafin mawallafi bai san wanda ya shigo ba, kuma ba zai nuna masa inda kwafin kyauta yake ba. Wannan giɓin ne ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza suke cikewa. Suna zama a cikin Chrome ko Firefox ko Edge, su lura da shafin da aka buɗe, su nuna hanyar da za a bi a karanta.

Yadda mawallafi ke gane ɗan jami'a

Fahimtar wannan ita ce tushen aikin, domin kusan duk matsalar da ake samu daga nan take tasowa. Hanyoyi uku ne.

Ta farko ita ce lambar IP, wato lambar da kowace na'ura ke fita da ita intanet. Laburare kan ba mawallafi jerin lambobin jami'a, saboda haka duk wanda ya hau intanet ɗin makaranta sai ƙofa ta buɗe masa ba tare da an tambaye shi komai ba. Da zarar ya koma gida ya kunna datar wayarsa, lambar ta canza, ƙofar ta rufe.

Ta biyu ita ce furoksi, kwamfutar laburare mai shiga tsakani. Mai bincike yana shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ita kuma ta je wajen mawallafi a madadinsa da lambar jami'a. Wadda ta fi shahara ita ce EZproxy, wadda Chris Zagar ya ƙirƙira a 1999, ƙungiyar OCLC ta saye ta a 2008. Ana gane an bi ta cikinta idan adireshin shafi ya sauya: ɗige-ɗigen da ke cikin sunan mawallafi sukan koma 'yan layuka, sunan furoksin jami'a ya biyo baya.

Ta uku ita ce shiga da shaidar jami'a ta tsarin OpenAthens ko Shibboleth. A nan shafin mawallafi ne ke tura mutum zuwa shafin makarantarsa, ya shigar da bayanansa, makarantar ta shaida cewa nata ne. Maɓallin da ke fara wannan aiki yawanci yana ɗauke da rubutun "Access through your institution".

Lambar DOI

Kusan kowace maƙalar zamani tana da lambar shaida ta dindindin da ake kira DOI, wadda mawallafa ke yi wa rajista, galibi ta hannun ƙungiyar Crossref da aka kafa a 2000. Lambar tana farawa da 10, sai ɗigo, sai lambar mawallafi, sai karkataccen layi, sai lambar maƙalar. Maƙalar da Watson da Crick suka buga a mujallar Nature a 1953 kan siffar DNA tana da lamba 10.1038/171737a0. Idan aka rubuta doi.org/ a burauza aka bi shi da wannan lamba, kai tsaye za a isa shafinta. Yawancin manhajojin da za a ambata da wannan lamba suke aiki: su tsinto ta a shafi, su tambayi rumbun bayanansu inda maƙalar take a buɗe. Shi ya sa tsofaffin maƙalu da na ƙananan mujallun da ba su da DOI sukan kuɓuce musu.

Shiri kafin girka komai

Matakin farko a laburare yake, a sashen da ke kula da kayan karatu na intanet. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya wannan na nufin Laburaren Kashim Ibrahim, a Jami'ar Maiduguri Laburaren Ramat, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato Laburaren Abdullahi Fodiyo. Tambayoyi huɗu ake yi wa ma'aikacin laburare: waɗanne rumbunan mujallu jami'a ta biya a bana, da wace hanya ake shiga daga wajen makaranta, wace manhajar burauza laburaren ya yi rajista da ita, kuma ina ake karɓar sunan shiga da kalmar sirri. Matambayi ba ya ɓata, kuma amsoshin nan ne ke nuna wace manhaja za ta yi amfani da wadda girka ta ɓata lokaci ne kawai. Yana da kyau ɗalibi ya tabbatar imel ɗin da makaranta ta ba shi yana aiki, domin da shi ake yin yawancin rajistar.

Manhajojin da ke dogara da rajistar laburare

Waɗannan ba sa cikakken aiki sai idan jami'ar tana cikin jerinsu.

LibKey Nomad na kamfanin Third Iron ce. Bayan girkawa ana zaɓar sunan jami'a daga jeri, ba a buɗe wani asusu. Idan aka shiga shafin maƙala, maɓalli kan fito a ƙasan allo mai kai mutum ga kwafin PDF, ko ga shafin maƙalar ta hanyar laburare, ko ga inda ake neman a samo ta idan babu. Tana kuma sanya maɓallanta a sakamakon PubMed da jerin manazarta na Wikipedia, tana kuma gargaɗi idan mujalla ta janye maƙala.

Lean Library, wadda aka fara a ƙasar Holan, kamfanin Sage ya saye ta a 2018, tana fito da ɗan saƙo a gefen allo duk lokacin da aka shiga shafin da laburare ya biya, tare da maɓallin shiga. Idan babu maƙalar a wannan shafi takan nemo ta a wani rumbun da jami'a ke da shi.

MyLOFT ta samu karɓuwa a jami'o'i da dama na Afirka da Indiya. Laburare ne ke buɗe wa ɗalibi asusu ta imel, sannan ɗalibin ya girka ta a burauza da kuma waya. Tana ba da damar adana maƙalu don karantawa lokacin da babu intanet, abin da ke da amfani inda sabis ke yankewa.

EndNote Click, wadda a da ake kira Kopernio, wadda kuma kamfanin Clarivate ya saya a 2018, tana buƙatar buɗe asusu, tana kuma ajiye maƙalun da aka sauke a wata ma'ajiya ta mai asusun.

Manhajojin da kowa zai iya amfani da su

Unpaywall ba ta tambayar makaranta ko kalmar sirri. Heather Piwowar da Jason Priem ne suka samar da ita ƙarƙashin wata ƙungiya da ba ta neman riba, manhajar burauzarta ta fito a 2017. Aikinta ɗaya ne: nemo kwafin halal na kyauta a shafukan mawallafa da rumbunan jami'o'i da rumbuna irin su PubMed Central da arXiv. Alamar kwaɗo kan bayyana a gefen dama na allo. Idan kore ne a buɗe, akwai kwafi, sai a danna. Idan ruwan toka ne a kulle, ba ta samu ba. Ga ɗalibin da laburarensa ba shi da rajistar mujallu masu yawa, wannan ce manhajar da ya kamata ya fara girkawa.

Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, yana da saiti biyu masu muhimmanci. A cikin "Settings" akwai "Library links", inda ake neman sunan jami'a a zaɓe ta, har guda biyar. Idan jami'ar tana cikin tsarin, mahaɗin laburare zai riƙa fitowa a gefen kowane sakamako. Na biyun shi ne damar shiga daga wajen makaranta: idan mutum ya yi amfani da Google Scholar a kan intanet ɗin jami'a, tsarin yakan tuna da rajistar jami'ar har kwana 30, don haka wasu mawallafa za su ci gaba da buɗe masa maƙalu ko yana gida. Shiga sau ɗaya a wata daga cikin makaranta ya isa ya sabunta wannan dama. Akwai kuma manhajar Google Scholar Button, wadda ke bincika duk taken da aka zaɓa a shafi. Haka nan mahaɗin "All versions" da ke ƙarƙashin kowane sakamako yakan tono kwafin da ba a gani a jerin farko ba.

Zotero manhajar tara manazarta ce ta kyauta da aka fara a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006. Abokiyar aikinta ta burauza, Zotero Connector, tana ɗauko bayanan maƙala da kwafinta da dannawa ɗaya. Tana kuma gane furoksin jami'a idan an bi ta cikinsa, ta riƙa mayar da mutum can da kanta a gaba. Tun 2019 Zotero tana sanya jan gargaɗi a kan maƙalun da aka janye, bisa bayanan shafin Retraction Watch.

Girkawa da gwaji

Ana ɗauko manhaja ne daga rumbun burauzar kanta kawai, wato Chrome Web Store ko shafin ƙarin manhajoji na Firefox ko na Edge, ko kuma ta mahaɗin da laburare ya bayar. Kafin a danna maɓallin girkawa a duba sunan kamfanin da ya yi ta, domin akan samu na jabu masu kama da suna. Burauza za ta nuna izinin da manhajar ke nema, wanda yawanci ya haɗa da karanta shafukan da ake buɗewa. Wannan izini babba ne, shi ya sa ba a ba kowace manhaja shi.

Bayan girkawa sai a kafe alamar manhajar a saman burauza don a riƙa ganinta, a zaɓi jami'a inda ake buƙata. Daga nan sai gwaji da maƙala biyu: ɗaya daga mujallar da ma'aikacin laburare ya tabbatar an biya, ɗaya kuma wadda aka san kyauta ce. Gwajin ya fi inganci a wajen makaranta da datar waya, domin a cikin makaranta lambar IP na iya buɗe ƙofa, a ɗauka manhajar ce ta yi aiki.

Manhaja biyu ko uku sun wadatar: ɗaya ta laburare, da Unpaywall, da Zotero Connector. Idan aka tara da yawa maɓallansu kan hau kan juna, burauza ta yi nauyi, musamman a kwamfutar da ba ta da ƙarfi.

Yadda aikin ke gudana

A ɗauki ɗalibar digiri na biyu a fannin noma da ke bincike kan ƙuduji, ciyawar da ke tsotse dawa da gero. Ta rubuta sunan ciyawar na kimiyya, Striga hermonthica, a Google Scholar, ta ga taken da ya dace da babi na biyu na kundinta. A gefen dama babu mahaɗin PDF, sai ta danna taken, ya kai ta shafin mawallafi inda aka rubuta farashi. Idonta ya fara zuwa ƙasan allo. Da laburarenta ya biya wannan mujalla, maɓallin manhajar laburare zai fito, ta danna, ta shigar da sunanta da kalmar sirri, maƙalar ta buɗe. Bai fito ba. Sai ta dubi gefen dama, ta ga kwaɗon Unpaywall kore ne. Ta danna, ya kai ta rumbun jami'ar da marubucin ke aiki. Kafin ta rufe shafin ta danna alamar Zotero, suna da shekara da lambar DOI suka shiga ma'ajiyarta. Duka aikin bai kai minti biyu ba. Da kwaɗon ya fito ruwan toka, sai ta kwafi lambar DOI ta ajiye, ta koma neman maƙalar ta hanyoyin da ke tafe.

Ƙofofin da manhajoji ba su cika gani ba

Research4Life haɗin gwiwa ne tsakanin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da mawallafa da wasu jami'o'i, domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallu. Rassansa biyar ne: Hinari na lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA na noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere a 2009, da GOALI na shari'a a 2018. Ƙasashen rukunin A kyauta suke samu, cibiyoyin rukunin B kuma suna biyan dala 1,500 a shekara. Cibiyoyin Nijeriya da Nijar suna cikin waɗanda suka cancanci rajista. Abin lura shi ne sai an fara shiga ta shafin Research4Life da bayanan da laburare ya bayar, sannan a bi daga can zuwa mujallar. Wanda ya je shafin mawallafi kai tsaye zai tarar da ƙofa a rufe ko da makarantarsa tana da rajista. Wasu mawallafa kuma sukan cire wasu ƙasashe daga wasu mujallunsu.

African Journals Online, wanda aka fara a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a cikinsa. Mujallar Bayero Journal of Pure and Applied Sciences na cikinsu. Mai bincike kan abin da ya shafi gida, kamar cututtukan dabbobi ko ingancin ruwan rijiya, zai fi samun abin da yake nema a nan. DOAJ kuwa, da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jeri ne na mujallun kyauta da aka tantance, yana kuma taimakawa wajen kauce wa mujallun bogi masu buga komai don kuɗi. JSTOR na ba duk wanda ya buɗe asusu damar karanta adadin maƙalu kyauta a allo kowane wata, abin da ke da amfani ga masu nazarin tarihi da harshe da adabi.

Mai aiki da waya

Chrome na wayar Android ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji. Firefox na Android yana karɓar wasu, haka Safari na iPhone tun 2021. Wanda waya ce kaɗai abin aikinsa yana da hanyoyi uku: saitin Google Scholar, wanda ke aiki a kowace burauza, shafin libkey.io, inda ake liƙa lambar DOI a zaɓi jami'a idan tana cikin jerin, da manhajar waya ta MyLOFT idan laburare na amfani da ita. A kwamfutar shagon intanet ko ta ɗakin karatu, kada a yarda burauza ta adana kalmar sirri, kuma a fita daga asusu kafin a tashi.

Sanin irin kwafin da aka samu

Kwafin kyauta ba koyaushe yake daidai da wanda mujalla ta buga ba. Iri uku ne. Akwai rubutun farko da marubuci ya fitar kafin masana su tantance, wanda alƙalumansa da sakamakonsa na iya canzawa daga baya. Akwai rubutun da aka amince da shi bayan tantancewa amma ba a tsara shi ba, wanda abin da ke cikinsa kusan ɗaya ne da na ƙarshe sai dai lambobin shafi sun bambanta. Sai kuma bugun mawallafi mai tambarin mujalla da lambar fitowa da shafuka. A jerin manazarta bayanan bugun ƙarshe ake rubutawa tare da DOI. Idan za a ɗauko magana kai tsaye da lambar shafi, dole a duba bugun ƙarshe. Idan rubutun farko kaɗai aka karanta, a bayyana hakan, domin malamin da ke duba aiki zai iya bin sawu.

Matsalolin da aka fi samu

Idan maɓalli bai fito ba, a duba ko an zaɓi jami'ar da ta dace, a kuma tabbatar ba a shafin sirri na burauza ake ba, domin manhajoji ba sa aiki a can sai an ba su izini na musamman. Idan an shiga amma har yanzu ana neman kuɗi, mai yiwuwa rajistar laburare ta ƙunshi wasu shekaru ne kawai, ko mujallar ta hana sababbin fitowa na watanni shida zuwa shekara a rumbun da aka biya. Idan shafin shiga yana ta maimaita kansa, goge bayanan da burauza ta adana na wannan shafi yakan warware. VPN na kasuwa yana sauya lambar IP, saboda haka a kashe shi lokacin da ake kan intanet ɗin makaranta. Idan duk an gwada ba a dace ba, a aika wa laburare lambar DOI da hoton allon da ke nuna saƙon kuskuren.

Ƙa'idojin amfani

Yarjejeniyar da laburare ya sa wa hannu ta ba da izinin karatu da bincike na mutum ɗaya ne. Sauke mujalla sukutum, ko amfani da manhajar da ke kwasar ɗaruruwan maƙalu a lokaci guda, yakan sa mawallafi ya toshe jami'ar baki ɗaya har sai an yi bincike. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Haka raba kalmar sirri a zaurukan WhatsApp yakan jawo a rufe asusun kowa. Shafuka irin su Sci-Hub, da aka buɗe a 2011, suna raba maƙalu ba da izinin masu haƙƙi ba, kuma a 2017 wata kotu a Amurka ta yanke wa Sci-Hub hukuncin biyan Elsevier diyyar dala miliyan 15. Manhajojin da aka bayyana a nan duk kwafin halal suke nunawa.

Idan babu ko ɗaya

Saura hanya biyu. Ta farko ita ce neman laburare ya samo maƙalar daga wani laburaren da yake da ita, ta hanyar ba da take da sunan mujalla da shekara da DOI. Ta biyu ita ce rubuta wa marubucin. Adireshin imel ɗinsa yana shafin farko na maƙalar ko a ƙarƙashin sunayen marubuta, kuma mawallafa da yawa sun yarda marubuci ya aika kwafi ga wanda ya nema don karatu. Saƙon ya zama gajere: sunan mai nema da makarantarsa, taken maƙalar, da layi ɗaya kan binciken da yake yi. Idan mako biyu suka wuce ba amsa, a rubuta wa wani daga cikin sauran marubutan, domin masana sukan sauya wurin aiki adireshinsu ya daina aiki.